Teburin Mai Gyara: Tambayoyinku a Kan Makunnan Sandar Wasa

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo labarin wata sandar wasa da aka kawo mini shago, irin wadda ake gani a jikin akwatunan gem na da masu cin tsabar kuɗi, wadda samari ke kira joyistik. Sadara uku kawai na yi a kanta, amma saƙonnin da suka biyo baya sun fi na duk abin da na taɓa rubutawa a kan rediyo ko inbata. Na ji daɗi ƙwarai, don wannan 'yar na'ura tana cikin abubuwan da nake ƙauna a sana'ata. Na zaɓi tambayoyin da suka shafi makunnai, wato 'yan abubuwan nan huɗu da ke ƙarƙashin sanda suna ƙas-ƙas. Wasu na taƙaita su, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi akwatin nan mai wasanni da yawa a ciki, mai sanda biyu, wanda ake jona wa talabijin. A Street Fighter II idan na yi ƙasa, ƙasa-gaba, gaba da naushi, da ƙyar wutar Ryu take fita, alhali a hannun PlayStation ba na kuskure. Abokaina sun ce makunnan ne na banza, in yi odar na Sanwa. In saya?
Wani ɗalibi, daga Kaduna

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, mu fara leƙa cikin akwatin. Cire shi daga wuta, ka kifa shi, ka kwance murfin ƙasa. A gindin kowace sanda za ka ga abubuwa huɗu. Akwai makunnai huɗu da suka kewaye ta, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama. Akwai zoben roba mai tauri a jikin ƙarfen sandar, shi ne yake tura makunnan. Akwai sifirin da ke mayar da sanda tsakiya idan ka sake ta. Sai faifai mai rami a tsakiya wanda zoben yake bugawa idan ka kai ƙarshen turi, ni shinge nake ce masa. Duk abin da hannunka yake ji aikin waɗannan huɗun ne a haɗe, amma da yake makunni ne mai ƙara, shi kowa yake ɗora wa laifi. Mafi yawan sandunan da ake kawo mini da irin kukanka, makunnansu lafiyarsu lau.

Babu wani makunni mai suna ƙasa-gaba. Wasan yana sanin ka shiga kusurwa ne idan makunnin ƙasa da na gaba suka kama tare, kuma yana leƙa hannunka kusan sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Kafin wutar nan ta fita, sai ya ga ƙasa ita kaɗai, ya ga ƙasa da gaba a haɗe, ya ga gaba ita kaɗai, sannan naushi. Ɗaya ya faɗi a hanya, shi ke nan.

Don haka gwada kowane makunni shi kaɗai. Irin akwatin naka yawanci yana da shafin gwajin maɓallai a cikin saiti. Shiga can, ka tura sanda a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ka duba ko alamar tana kunnuwa daidai lokacin da ka ji ƙas. Idan kana da mitar gwajin wuta ta masu gyara, ya fi. Saita ta inda take yin ƙara, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafar makunnin da aka rubuta wa COM, wato ta gama-gari, ɗaya a ta NO, wadda ba ta haɗuwa da ita sai an danna, sannan ka danna. Lafiyayyen makunni ƙararsa tana zuwa tare da ƙas ɗin, tsaf, ba tsinkewa. Wanda ƙarar take makara, ko take karkarwa idan ka girgiza shi, wannan ya gaji, canja shi. Ka kuma ja kowace waya kaɗan, don sau da yawa bakin wayar ne ya saki, matse shi da filaya kawai yake so.

Idan duk huɗun sun ci jarrabawa, to saura hannunka, kuma ba aibi ba ne. Wanda ya taso da babban yatsa a kan hannun PlayStation, idan ya kama sanda sai ya riƙa danna ta har bango. Ramin shingenka kusan tabbas mai kusurwa huɗu ne. Kana jan sanda a jikin bango sai ta maƙale a lungu, ka buga naushi kafin ta fito gaba, ko ka fizge ta da ƙarfi ta zarce sama Ryu ya yi tsalle. Tsakanin inda makunni yake kamawa da inda zobe yake bugun shinge akwai fili, a cikin wannan filin ake wasa. Koya wa hannunka tsayawa da zarar ya ji ƙas. Ba shi mako biyu. Idan har yanzu lungun yana cin ka, akwai shinge mai kusurwa takwas, na kamfanin Sanwa na Japan sunansa GT-Y, yana sa zagaye ya yi santsi. Sai dai ka sani yana rage faɗin kusurwoyi, don haka zaman karewa a ƙasa-baya yana ɗan ƙara wuya, kuma ka tabbata zai shiga sandarka kafin ka biya.

Tambaya: Oga, ina son haɗa tawa sandar da kaina, na riga na sa kafinta ya yi mini akwati. Ina ta ganin sunaye, Sanwa, Seimitsu, Happ, kowa yana yabon nasa. Mene ne ainihin bambancin makunnansu, kuma ana iya saita su ko sai yadda suka zo?
Mai sayar da kayan waya, daga Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da na fi so a wannan karon, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsa.

Duka ukun ƙaramin makunni mai ƙas-ƙas suke amfani da shi, wanda ake kira maikurosuwic. Tsohon abu ne, a 1932 aka ƙirƙiro shi a garin Freeport na jihar Illinois a Amurka. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da aka tanƙwara. Kana danna 'yar ƙurjin da ke waje yana jurewa, yana jurewa, har ya kai wani matsayi sai ya fyaɗa gefe guda gaba ɗaya. Shi ne ƙas ɗin. Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: inda yake kamawa idan ka danna ba nan yake saki ba idan ka janye, sai ka ɗan dawo baya fiye da haka. Wannan ne yake hana shi rawa, kuma shi ne yake sa shi ɗan jinkirin saki.

Bambancin farko a jikinsa yake. Wani zoben sanda yana taɓa ƙurjin kai-tsaye. Wani kuma an ɗora masa harshen ƙarfe a kan ƙurjin, zoben harshen yake turawa.

Sanwa JLF ta Japan marar harshe ce. Makunnanta huɗu an lika su da dalma a kan allo ɗaya mai bakin waya biyar, ɗaya na gama-gari, huɗu na ɓangarori. Sifirinta mai laushi ne, bai kai laba ɗaya ba, kuma sai ka ɗan yi tafiya daga tsakiya kafin ta kama. Shi ya sa take da yafiya: hannu ya ɗan karkace ba ta kai rahoto. Masu wasan faɗa sun rungume ta ne saboda wannan.

Seimitsu LS-32, ita ma ta Japan, mai harshe ce. Tana kamawa da wuri, sifirinta ya fi na JLF ɗan tauri. Masu wasan jirgin nan da ke ratsa ruwan harsasai ita suka fi so, don a can motsi kaɗan-kaɗan ake bukata, taɓa ka saki. A da makunnan Panasonic ake sa mata, daga baya aka koma na Omron, kuma tsofaffin 'yan wasa har gobe suna cewa hannunsu yana jin bambanci.

Happ ta Amurka da 'yar'uwarta Eurojoystick ta kamfanin Industrias Lorenzo na Sifaniya wata duniya ce daban. Su ne a akwatunan Amurka na shekarun 1990, zamanin Mortal Kombat. Doguwar sanda mai kan kulki, sifirin mai tauri, jiki mai zurfi da aka yi don katako mai kauri. Makunnin da aka san su da shi Cherry ne, musamman D44X mai nauyin danni giram 75. Happ Competition marar harshe ce, Happ Super kuwa mai harshe. Kowane makunni shi kaɗai yake, da bakin waya mai faɗin milimita 4.8, don haka canja shi aikin minti biyu ne ba sai da dalma ba. Ka auna zurfin akwatin da kafinta ya yi maka, don waɗannan ba sa shiga siririn akwati.

Maganar saiti kuwa, mai harshe ya fi ba da dama. Idan kana son ta kama da wuri, cire makunnin, ka riƙe harshen da filaya kusa da gindinsa, ka tanƙwara bakinsa zuwa wajen sanda, kamar rabin milimita, kada ka zarce. Mayar, gwada, sannan ka yi wa sauran ukun daidai wannan. Wahalar a daidaitawar take. Idan hagu ya fi dama saurin kamawa, hannunka zai rikice ba ka san dalili ba. Idan kuma ka tanƙwara da yawa, makunni zai kama ya ƙi saki ko da sanda ta dawo tsakiya. Ni ina jingina 'yar rula kusa da kan sanda, in tura har mita ta yi ƙara, in rubuta nisan kowane ɓangare a takarda. Marar harshe ba abin da za ka tanƙwara, sai dai ka canja zobe. Ana sayar da wanda ya fi na asali kauri da rabin milimita ko milimita ɗaya, yana rage tafiya kafin kamawa.

Kana kuma iya auna nauyin makunni da ƙaramin sikelin dijital, irin na masu sayar da zinari ko na kicin. Ɗora shi a kai, mayar da sikelin sifili, danna ƙurjin da tsinke a hankali, ka karanta lambar da ta nuna daidai lokacin ƙas. Da haka nake tsince huɗu masu kama da juna daga cikin leda guda.

In ra'ayina kake so, tunda ta farko ce, ɗauki JLF. Kayanta sun fi samuwa, kuma kusan kowane ɓangare nata akwai madadinsa. Tawa ta gida LS-32 ce don ni mutumin wasan jirgi ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Na samu wani tsohon akwatin gem a cikin kayan gwanjo, na tsaye, irin na Turai. Yana kunnuwa, amma sandarsa ba ta ƙara ko kaɗan, kuma hagu wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi. Da na leƙa ban ga makunni ba, sai wasu siraran ƙarafa biyu-biyu. An cire makunnan ne?
Magidanci, daga Zariya

Amsa: Alhaji, ba a cire komai ba, kuma don Allah kada ka bari wani ya cire maka su. Waɗannan siraran ƙarafan su ne makunnan. Makunnin ganye ake ce masa, shi ne yayan mai ƙas-ƙas a wannan harka, daga injinan wasan ƙwallon ƙarfe na finbol aka gado shi. Ganye biyu ne na ƙarfe mai sifirin, kowanne da ɗan ƙulli a bakinsa. Sanda ta tura ɗaya ya taɓa ɗaya, wuta ta wuce. Shi ke nan aikinsa.

Akwatunan Amurka na farkon shekarun 1980 da shi suka fito. Kamfanin Wico ne ya yi fice wajen ƙera irin waɗannan sanduna, kuma maimakon sifirin wata roba ce mai kauri take mayar da su tsakiya. Robotron: 2084 na kamfanin Williams, wanda ya fito a 1982 da sanda biyu, ɗaya ta gudu ɗaya ta harbi, a kan irin wannan sanda aka gina shi. Wanda ya taɓa buga shi a kan ganye, idan ka ba shi mai ƙas-ƙas zai ce maka wani wasan ne daban, kuma gaskiyarsa. Ganye ba shi da tsallen nan da na bayyana wa ɗan'uwanmu na Maraɗi. Inda ya kama nan yake saki. Hannu yana juyawa kamar ana dama kunu, ba abin da ke tokare shi.

Abin da ya samu hagunka ɗaya ne cikin biyu, ko datti ko tazara. Fara da datti. Kashe akwatin, cire shi daga soket, kuma kada hannunka ya je kusa da bayan talabijin ɗin ciki, tsohon gilashi yana riƙe wuta mai haɗari ko a kashe. Yanki farin kati mai tsabta, irin na gayyatar biki marar sheƙi. Zura shi tsakanin ƙullayen biyu, matse ganyayen da yatsa, ja katin. Za ka ga baƙin layi. Maimaita da sabon wuri har ya daina fitowa. In dattin ya kafe, ɗiga wa katin ɗan sipirit.

Kada ka kusance su da samfefa. Ina faɗa da ƙarfi ne don na taɓa yi. Farkon shigata wannan aiki aka kawo mini irin wannan sanda, na ga ƙullayen sun dushe, na goge su da samfefa har suna ƙyalli. Mai ita ya tafi yana godiya. Bai yi wata ba ya dawo, ta fi da lalacewa. Ashe akwai siririn rufi a kan ƙullayen da ke hana su tsatsa, ni kuwa na kankare shi. Na yi watanni ina neman madadi kafin na samu a jikin wani mataccen akwati, kuma ban karɓi ko sisi a hannun mutumin ba. Abin da ya shekara arba'in yana aiki, minti ɗaya ya isa a kashe shi.

Sai tazara. Idan sanda tana tsakiya, ni ina fara barin kamar milimita ɗaya da rabi tsakanin ƙullaye, sannan in rage ko in ƙara gwargwadon hannun mai ita. Wurin tanƙwarawa shi ne gindin ganyen, kusa da inda aka ɗaure su da kusoshi, kuma ganyen da ba ya motsi ake taɓawa. Kada ka lanƙwasa tsakiya ko baki. Saitin da ya yi kyau shi ne wanda bayan ƙullayen sun haɗu, ganye na biyu yake ɗan ja da baya kaɗan, su goga juna. Wannan gugar ita take share su kullum. Ka fara matse kusoshin gindin kafin komai, don sau da yawa su ne suka yi sako-sako. Ka kuma duba robar da ke tsakiya. Idan ta tsage ko ta bushe, sanda za ta kwanta gefe guda, kuma duk saitin da ka yi a banza ne sai an canja ta.

Tambaya: Yaya, a Pac-Man idan na zo kwana sai ya wuce bai juya ba, amma a sauran wasanni sandar lafiya lau.
Wata ɗaliba, daga Katsina

Amsa: Ƙanwata, sandarki ba ta da laifi. Pac-Man na 1980 da Donkey Kong na 1981 an yi su ne don sanda mai hanya huɗu, wadda ba ta barin makunni biyu su kama tare. Taki mai hanya takwas ce. Idan kika ratsa ta kusurwa, wasan yana ganin umarni biyu, sai ya rasa na ɗauka. Idan JLF ce ko mai kwaikwayonta, ɓalle shingen daga maƙallansa huɗu, ki tura faifan tsakiyar ki juya shi digiri 45 har ya zauna, ramin ya koma tsaye a kan tsininsa. Kin samu hanya huɗu. Ranar wasan faɗa sai ki mayar. Kamfanin Ultimarc yana da wata mai suna ServoStik da ƙaramin moto yake yin wannan juyin, ga mai hali.

Tambaya: Oga, makunni ɗaya ya mutu, oda kuma sai ta yi makonni. Wani mai gyara ya ce na ƙofar maikurowef duk ɗaya ne. Gaskiya ne?
Mai gidan gem, daga Jos

Amsa: Rabin gaskiya ne, ɗan'uwa. Girmansu ɗaya da na Happ, ramukan kusoshi ma sukan dace, kuma zai fitar da kai kunyar kwastomomi kafin oda ta iso. Amma ka lura da abu uku. Wasu na ƙofar maikurowef ƙafa biyu kawai gare su, kuma a cikinsu akwai wanda a kulle yake sai an danna ya buɗe. Ka sa irin wannan, ɗan wasanka zai yi ta tafiya gefe guda ba wanda ya taɓa shi. Nemi mai ƙafa uku, ka jona COM da NO. Na biyu, yawanci sun fi nauyin danni, don haka ɓangare ɗaya zai fi sauran tauri. In za ka iya, canja biyu masu fuskantar juna tare. Na uku, an yi su ne don wuta mai yawa, amfiya 15 ko 16, sanda kuwa bolt 5 ce da 'yar wuta kaɗan. Babbar wuta tana ƙone dattin da ke taruwa a bakin makunni, ƙarama ba ta iyawa, shi ya sa irin wannan yakan fara ƙin kamawa da wuri a jikin sanda.

Roƙona ɗaya: saya sabo a wajen masu kayan lantarki, ba shi da tsada. Kada ka buɗe tsohuwar maikurowef da kanka don cire shi. Akwai kafasita a ciki mai riƙe kusan bolt 2,000 ko bayan an zare waya, kuma yana kisa.

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni da maigidana muna buga wasa da dare bayan yara sun kwanta, amma ƙarar sandar tana tashin jaririyarmu. Akwai wadda ba ta ƙara?
Uwargida, daga Kano

Amsa: Lafiya lau, Hajiya, Allah ya raya. Kafin ki sayi komai, ki saurara da kyau, don ƙara uku ce take haɗuwa. Akwai ƙas-ƙas na makunni, akwai ƙwas na zobe idan ya bugi shinge, akwai kuma taf-taf na maɓallai, wanda akwatin da ba komai a cikinsa yake ƙara wa amo kamar ganga. A gidaje da yawa ta ukun ce take tashin yaro. Cusa soso a cikin akwatin inda ba zai taɓa sanda ba, ki ɗora shi a kan filo maimakon tebur. Maɓallan Sanwa masu faɗin milimita 30 akwai irin da ke zuwa da siririn soso a ciki, ana kuma sayar da sosan shi kaɗai. Wannan kawai yakan wadatar.

Idan makunnan ne dai, hanya biyu ce. Sanwa ta yi wata JLF marar ƙara, wadda makunnanta mayen ƙarfe ne yake haɗa wasu 'yan ƙarafa a cikin ƙaramin gilashi, ba abin da ke fyaɗawa. Wayarta iri ɗaya ce da ta JLF ta kullum, cirewa da sakawa ne kawai. Sai masu aiki da haske, irin Perfect 360 ta Happ, inda gindin sanda yake tare hasken da ido ba ya gani. Waɗannan ba abin da ke gogar wani balle ya cinye, amma suna bukatar ƙarin waya mai kawo bolt 5. A garinmu ni ta farkon nake ba da shawara. Idan hunturu ya kama, ƙurar nan mai laushi ba inda ba ta shiga, kuma idon na'ura mai haske in ya yi ƙura sai ya fara ganin abin da babu. Ta mayen ƙarfe a rufe take ruf.

Ki shirya wa abu ɗaya: kwanakin farko za ki ji kamar kina tafiya a duhu, don kunne da yatsu sun saba ƙas ɗin ne yake gaya musu sun iso. Yana wucewa.

Tambaya: Malam, ni ɗan Tekken ne. Na sa wa JLF ɗita zobe mai kauri da kan aluminiyam don ta yi sauri. Yanzu idan na saki baya sai ɗan wasana ya ɗan matsa gaba da kansa. Ko in koma sandar Koriya ne?
Matashi, daga Zangon Kumasi

Amsa: Ƙanena, ka canja abu biyu a lokaci guda, kuma duka biyun gefe ɗaya suka ja. Kan sanda mai nauyi idan ka sake shi ba ya tsayawa a tsakiya, yana zarcewa kamar lilo. A da akwai fili da zai zarce ba tare da ya taɓa komai ba, sai ka sa zobe mai kauri ka cinye filin. Yanzu yana dukan makunnin gaba. Mayar da kan roba na asali ka gwada. In kana son nauyin, to sifirin ya kamata ya ƙaru, akwai na laba 2 da na laba 4, fara da na 2. Wajen cire shi akwai 'yar zoben ƙarfe mai kama da harafin E a ƙarshen sandar, rufe ta da tafin hannu lokacin ɓallewa, don in ta yi tsalle sai an share ɗaki. Daga yau, abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka buga kwana uku, sannan na gaba.

Sandar Koriya, irin su Crown da Myoungshin Fanta, roba ce take mayar da ita tsakiya kamar tsofaffin Wico, makunnanta masu harshe ne, na Gersung sun fi shahara, kuma zagayenta da'ira ne ba lungu. Tana dawowa tsakiya da sauri ta tsaya cak, abin da motsin mayaƙan gidan Mishima na Tekken yake so ke nan, gaba, tsakiya, ƙasa, ƙasa-gaba, inda dole wasan ya ga tsakiyar. Shahararren ɗan wasan Koriya ta Kudu da ake kira Knee har sanda ake sayarwa da sunansa. Robar tana zuwa da lambar tauri, 25 ko 35 ko 45, mafi girman lamba mafi tauri. Amma a wajenta kusurwa sai hannu ya nemo ta da kansa, babu lungun da zai kama maka, kuma wasu nau'o'in suna da wuya mai kauri da ke bukatar a faɗaɗa ramin akwati. Gyara JLF ɗinka tukuna. In akwai mai ta Koriya a cikin abokanka, ara ka yi mako da ita kafin ka yanke shawara.

Tambaya: Baba, na kwance sandata na wanke, da na mayar sai sama ta koma ƙasa. Kuma wane mai zan sa mata, tana ƙugi?
Yaro ɗan sakandare, daga Sakkwato

Amsa: Ɗana, ka yi ƙoƙari da ka kwance da kanka. Sanda a kan ƙugu take juyawa, idan ka tura kanta sama gindinta ƙasa yake zuwa, don haka makunnin sama shi ne wanda ke kusa da cikinka. Ko dai ka musanya wayoyi biyun, ko ka mayar da allon makunnan a juye. In allon ne, hagu da dama ma za ka tarar sun musanya, sai ka ɗaga shi ka juya shi rabin zagaye.

Mai kuwa, giris na silikon kaɗai, irin na Shin-Etsu ko makamancinsa. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero, a kan rabin ƙwallon robar nan da sanda take juyawa a kai, bayan ka goge tsohon da ƙyalle. Ban da man inji, ban da man feshin kwance kusa, ban da man gyaɗa. Na fetur yana iya cin roba, na girki yana daskarewa ya kama ƙura. Cikin makunni kuma ba a sa masa komai. Ka tabbata faifan nan baƙi da ke kwance a kan akwati a gindin sanda yana nan, shi ne mai tare ƙura, kuma idan ka gama wasa ka rufe ta da tsumma.